Tauraron Habu Magini

“Ku gani da idonku, jama'a! Ba a wata ƙasa ba ne fa, a nan cikin birni ne, a Sheshe!” Abin da na tarar wani saurayi yana faɗa wa wayarsa ke nan a ƙofar gidanmu, na dawo daga barkar haihuwa, gwiwata tana mini zugi. Ya ba gidan baya, ya ɗaga wayar sama yadda za ta kamo fuskarsa ta kamo bangon, yana nuni ta kan kafaɗa. Abokansa biyu suna gefe suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Na ce, “Kai ɗan nan, matsa in wuce, ko zauren ubanka ne?” Ya ce, “Hajiya, kin kuwa san abin da ke saman ƙofar nan?” Na ce, “Na san shi tun ba a yanke wa ubanka cibiya ba.” Ya ce, “Tambarin Yahudawa ne.” Na ce, “Aikin Habu ne.” Ya ce, “Wane ne kuma Habu?” Na ce, “Wanda ya fi ka abin yi.” Abokan suka tuntsire da dariya, shi bai yi ba. Ya juyo da wayar kaina, ni kuwa na shige gida ina ganin na gama da shi. Ashe shi ne ya gama da ni.

Habu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma magini ne, irin na ƙasa da tubali, ba na bulo ba. Bana shekara goma sha tara ke nan da aka fita da shi a makara ta wannan ƙofar. Na so in rubuta masa abu mai daɗi irin wanda ake yi wa manya a jarida, a ce mutum ne mai haƙuri da sanyin hali. To haƙuri dai ba shi da shi, ni kuma ban iya ƙarya da alƙalami ba, don ban daɗe da riƙe shi ba. Sai da na haura sittin na shiga makarantar matan unguwa, bayan ya rasu, shi ya sa bai taɓa ganin rubutuna ba. In kun ji kamar magana nake yi, maganar ce.

Bari in faɗa muku abin da yaron ya ɗauka. Gidanmu gidan gado ne, na ƙasa, tun na kakanmu. A goshin zauren, saman ƙofa, Yaya ya yi tauraro mai tsini shida. Ku ɗauki duwatsun murhu uku ku ja layi tsakaninsu, ku sake yin wani irinsa ku kifa shi a kan na farko, to shi ne. Dama da hagu ya yi dagi, wannan ƙullin da ba a gane farkonsa balle ƙarshensa. Sama da su jinjirin wata. A da, can ƙololuwa, har da ƙwan jimina, yara suka fasa shi da danƙo tun yana raye, ya bi su da gudu har bakin masallaci yana ɗura musu ashar, da alwalarsa. Duk da hannu ya yi, ƙasar tana ɗanya, da yatsu da wata tsohuwar wuƙa da cokalin Innarmu da ya sace. In hantsi ya bugi bangon a karkace sai ka ga sawun yatsunsa ɗaya-ɗaya.

A Kano ya tashi ya ga waɗannan zane-zanen, amma a hanya ya koyi tambayar su. Ina ƙarama, ban wuce a aike ni sayen daddawa ba, ya bi ayarin masu zuwa Makka ta ƙasa. Lokacin ina talaka ina jirgin sama. Ta Barno suka bi, suka ratsa Cadi, suka faɗa Sudan, inda guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi aiki. Shi aikinsa a hannunsa yake, ko'ina akwai ƙasa, ko'ina akwai mai son ɗaki. Ya daɗe har Inna ta fara yi masa sadaka. Da ya dawo na zama budurwa. Alhazan mutane suna dawowa da haƙorin Makka da akwati, namu ya dawo da ciwon ƙafa da surutu. Ko Alhajin ma bai bi shi ba, Habu magini aka ci gaba da ce masa har ya bar duniya.

Surutun nan ni na sha shi, don ni kaɗai ce ba ni da wurin gudu. Ya ce a ƙofar wani masallaci a Sudan ya fara lura da tauraron, an sassaƙa shi a jikin katako. Ya tambayi limamin, ya ce masa hatimin Annabi Sulaimana ne, wanda Allah Ya hore wa iska da aljanu. Wannan ba baƙo ba ne, malamanmu na nan ma suna zana shi. Da ya isa garin da ake hawa jirgin ruwa, ya yi wa wani Ba'indiye gyaran kanti. Mutumin ba Musulmi ba ne, sai ga tauraron a ɗan lungun da yake ibadarsa, har ya kunna masa turare. Ya ce wa Yaya cikin zane biyun da aka haɗa, wanda ya kalli sama namiji ne, wanda ya kalli ƙasa mace ce, haɗuwarsu ita ce duniya. Ranar da ya faɗi wannan a tsakar gida Inna ta jefe shi da muciya, ta ce, “A gaban yarinya, don ubanka?” Akwai kuma wani tsoho maƙerin azurfa, Bayahude, da suka yi maƙwabtaka, shi kuma ya ce garkuwar Annabi Dawuda ce. Kun ji dai, ban ɓoye muku ba, Yaya ma bai ɓoye ba. Su ma suna da shi. Amma ba su kaɗai ba.

Abin da yake ba shi dariya, ya sha wannan wahalar yana tambaya gari-gari, ya dawo gida ya sa hannu a aljihu, ga tauraron a jikin kwabo. Tsofaffi za su tuna kwabon Bature mai huji a tsakiya, tauraro mai tsini shida ne a jikinsa. Da shi muka sayi ƙosai, da shi aka kai wa malam kuɗin Laraba, da shi aka yi sadakar Juma'a a ƙofar masallaci. Manyan malaman birnin nan, waɗanda ko takalminsu ba mu isa mu ɗauka ba, duk sun riƙe shi a hannu. Ban ji wanda ya ce imaninsa ya zube ba.

Ƙwan jimina kuwa, mu nan a kan ɗaki ake ɗora shi, wasu su ce maganin kambun baka ne, wasu su ce ado ne kawai. Shi ya ce ya gan shi a rataye cikin masallatai, ya kuma gan shi a kan ɗakin ibadar Kiristocin Habasha. Wata mai sayar da gahawa a cikinsu ta ce masa jimina ba ta ɗauke ido daga ƙwanta, in ta ɗauke ya lalace, haka mai ibada yake da Ubangijinsa. Yaya ya rantse da ya ji wannan sai da sallarsa ta gyaru, kuma daga bakin wadda ba ta sallah ya ji. Dagi kuma, wani Bamaguje da yake kawo masa azara ya ce hanyoyi ne suka sarƙe, irin mararrabar da kakanninsu suke kai wa iskoki yanka. Masu ɗinkin babbar riga suka ce ƙarya yake, sawun zaki ne, alamar mulki. Jinjirin watan ma da muke ɗorawa a kan hasumiya, ai akwai mutanen da can da suka bauta wa wata, kowa ya san labarin Annabi Ibrahimu da mutanensa. Ba wanda ya ce mu sauke namu saboda su.

Ni tun ina yarinya ba na son zagaye-zagaye. Na ce, “To Yaya, duk a cikinsu wa ya faɗi gaskiya?” Ya ce, “Matsalarki ke nan, Kande, so kike a yanka miki magana kamar sabulu.” Ya ɗaga ƙwaryar furarsa ya ce, “Kin ga wannan? Bafillatana ta zuba nono, Bamaguje ya zuba giya, mu mun zuba fura. Kin taɓa jin an fasa ƙoren garin nan don wani ya sha giya a irinsu?” Na ce to kai me ka zuba a taka? Ya ce, “Sallama. Wanda ya shigo ya shigo lafiya, wanda ya fita ya dawo.” Kada wani ya ce da zanen ya dogara. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa cewa tauraron ne ya hana ɓarayi shiga gidanmu, ya yi kamar zai cinye ta ɗanya. Ya ce, “Ƙasar da na tattaka da ƙafata ita za ta tsare ni? Ɓarayi ba su shigo ba don sun san ba abin ɗauka.” Mutumin da sahun farko bai taɓa wuce shi ba ke nan, sai da ciwo ya kwantar da shi.

Sana'ar ta mutu a hannunsa yana kallo. Da fari masu kuɗi suka ce a bar musu su dagi, a zana musu keke da agogo, ya zana yana tsaki. Daga baya ba wanda ya ce a zana komai, bulo ya shigo, siminti ya shigo. Ɗansa ɗaya namiji, Kabiru, ya hana shi taɓa ƙasa. In ya gan shi kusa da wurin kwaɓi sai ya kore shi da bulala, wai boko zai yi, ba zai gaji wahala ba. Ban sani ba ko ya yi daidai. Kabiru dai ya zama mutum, yana da shagon yadi a kasuwa, shi yake riƙe da gidan, shi yake riƙe da ni tun da mijina ya rasu na dawo ɗakin Inna. Amma labarin tauraro bai ji shi ba, don duk sanda uban ya fara sai ya katse da kansa ya ce, “Tashi ka je ka yi karatu, wannan hirar marasa aiki ce.” Da damina Yaya ya rasu, ciwon ƙirji. Maganarsa ta ƙarshe da ta shafi duniya, cewa ya yi a duba indararon zaure ko ya toshe.

To mu koma kan yaron mai waya. Ba a jima ba matar Kabiru ta shigo ɗakina da tata wayar. Ga gidanmu, ga tauraron an zagaye shi da jan layi, ga ni ina cewa wanda ya fi ka abin yi. Dariyar abokan an yanke ta. Ta ce, “Gwaggo, bari in karanta miki abin da ake cewa.” Na ce miƙo, ai na iya. Na sa tabarau na bi su da yatsa yadda malamarmu ta koya mana. Wani ya ce gidan 'yan ƙungiyar asiri ne. Wani ya ce a irin nan ake binne yaran da suke ɓata. Wani ya ce ku dubi idon tsohuwar ma. Wani bai zagi kowa ba, kawai ya ce a ba shi kwatance, shi ne ya hana ni cin tuwo. Duk rayuwata ina jin haushin ban iya karatu ba, ran nan na ce da ma an bar ni da duhuna. Akwai 'yan ƙalilan da suka ce ai tsohon zanen Hausa ne, a bincika tukuna. Aka yi musu ca har suka yi shiru. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ba na cewa yaran nan ba su da abin da ya ƙona musu rai. Ina kallon talabijin. Na ga uwa tana tono ɗanta da hannu a ƙarƙashin gini, na ga irin tauraron nan a jikin tutar waɗanda suka jefa bam ɗin, na yi kuka har matar Kabiru ta kashe. Amma bangon Habu bai jefa wa kowa bam ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Da gawayi aka fara, aka rubuta mana abin da ba zan maimaita ba a jikin dakali. Sai jifa, tsini ɗaya ya guntule. 'Ya'yan Kabiru suka dawo daga Islamiyya suna kuka, an ce musu jikokin Yahudu. A kasuwa maƙwabcin shagonsa ya nuna masa wayar yana dariya, irin dariyar da ba dariya ba. Mutanen da suka ci tuwon sunansa a zauren nan suka koma cewa, “Alhaji, mu mun san ku, amma ka san halin yaran yanzu.” Kabiru ba mugu ba ne. Tun rasuwar ubansa bai taɓa fashin nemo mai yaɓe ba kafin damina, ko da sai an je ƙauye an ɗauko shi. Amma na ga yaron nan yana ramewa a tsaye.

Na yafa mayafi na tafi wurin Malam Bukar, limamin masallacin lungunmu. Asalinsu Barno, amma kakansa ma a nan aka haife shi, gidan allo da tawada ne tun fil azal, kuma tare muka yi wasan ƙasa da shi. Na ce, “Malam, mahaifinka da hannunsa ya zana wa Innarmu tauraron nan a takarda lokacin da nake ƙyanda. Ka tashi bayan sallah ka faɗa wa mutane ko mene ne.” Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, “Kande, ni ma da kike gani a kan siraɗi nake. Yaran nan rabinsu ba sa bina sallah, sun ce mu 'yan tsibbu ne. Irin zanen da Baba ya bari ko 'ya'yana ban nuna wa ba. In na buɗe baki a kan bangonku, gobe zaurena za a ɗauka.” Na ce, “Ashe gemun na ado ne.” Ya ce, “Faɗi son ranki, kin isa. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta...” Na ce, “Ruwa ake kai masa, Bukar, ba a tsaya shafa wa naka ba.” Na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na yi masa sallama. Da yamma ya aiko mini da goro. Ban ci ba, ban kuma mayar ba.

Tun ran nan nake tambayar kaina, da Yaya zai leƙo ya ga Kano ta yau, me zai ce? Da farko dai ɓata zai yi. Ganuwa an cinye ta. Ƙofar Na'isa da ya sani ta ƙasa, yanzu wata ce a tsaye a wurin, mai kyau, amma ba ita ba ce. Gidajen da ya gina daga nan har Ƙofar Ruwa, da nakan nuna su in na fita unguwa, yanzu ba abin nunawa. Amma ba wannan ne zai dame shi ba, don shi da kansa yakan ce ginin ƙasa aro ne, ƙasa za ta karɓi abinta. Abin da zai ɗaure masa kai wayar ce. Shi sai da ya taka har bakin teku kafin ya ga Ba'indiye ya tambaye shi. Yaron nan duniya duka tana tafin hannunsa, da Indiya da Habasha da Sudan, da ya so sani ko tashi tsaye ba sai ya yi ba. Bai tambaya ba. Ni ma da nake tsaye a gabansa, tambayar da ya yi mini ba ta neman amsa ba ce. Mutanen da can ba su san abu da yawa ba, amma sun san ba su sani ba. Wanda ya daɗe ya ga daɗau, ni dai na gani.

Wani lokaci nakan raya a raina zai fito da sandarsa ya tsaya a ƙofar ya ce wanda ya isa ya taɓa. Amma na san yayana. Bakinsa ne mai kaifi, zuciyarsa ba ta da ƙashi in aka zo kan yara. Da ya ga jikokinsa sun dawo suna kuka, ina jin da kansa zai kwaɓa ƙasa ya shafe abinsa, ya shiga ɗaki ya ƙi cin abinci. Wannan tunanin ya fi jifan yi mini ciwo, don ya bar ni ba wanda zan yi fushi da shi.

Wata safiya Kabiru ya shigo ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, yadda yake yi tun yana yaro. Ya ce, “Gwaggo, na samo dabara. Ba za a sare ba. Siminti za a shafa a kai a lulluɓe shi. Yana nan a ciki, ba abin da zai same shi. In ƙura ta lafa wata rana sai a ɓamɓare.” Yana faɗa yana murna, bawan Allah, ya zaci ya sasanta ni da gari. Ba laifinsa ba ne, uban ne ya hana shi taɓa ƙasa. Na ce, “Kabiru, bangon ƙasa numfashi yake yi. Ya sha ruwa da damina, ya fitar da rani. Shi ya sa ake yi masa yaɓe, ba a toshe shi. In ka sa masa siminti, ruwa zai shiga ta sama ya rasa hanyar fita, ƙasar ta ruɓe a ciki kana ganin waje sumul. Wata damina simintin zai kumbura ya faɗo, ya taho da fuskar bangon duka. Ba ɓoye shi za ka yi ba, likkafani za ka sa masa.” Ya ce, “To a sa diga?” Na ce a'a. Ya ce, “A bar shi, ranar da suka zo da fetur fa? Ɗakinki ne na farko.” Na ce ni na gama cin zamanina. Ya ce, “Su Ummi fa?” Ummi ita ce autarsa, sunan Innarmu aka sa mata. Na ce, “Gidanka ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.” Ya ce, “Gwaggo, kada ki yi mini haka.” Na ce, “To me kake so in yi, in sa albarka?” Ya tashi ya fita da hularsa a hannu.

Me ya rage na Habu magini? Masu irin wannan rubutun sukan ce aikinsa yana nan, sunansa yana nan. Ni ba zan ce ba. Aikinsa ƙasa ne, ya koma ƙasa. Sunansa, in ka cire ni da Bukar da Kabiru, sai ka yi da gaske ka samu wanda zai tuna shi a lungun nan. Labaran da ya ɗauko da ƙafa, daga bakin limami da mai kanti da mai gahawa, a kaina kaɗai suke, kan kuwa ya fara yoyo. Na zuba su a takardar nan, kuma na san inda jarida take ƙarewa, wurin mai tsire. Abin da nake sa rai kawai, akwai mutanen da suka kwana a ɗakunan da ya gina, suka haihu a ciki, suka yi sallah a ciki, ruwa bai taɓa su ba. Ko ba su san sunansa ba, Wanda ya kamata Ya sani Ya sani. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ƙasar da ya yi wa hidima ta sassauta masa. Bayan wannan ban ga komai ba.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka kawo siminti daga Ƙofar Ruwa a kura, da yashi, da birkila da leburansa. Suka kafa tsani. Sai aka tarar famfo ba ruwa, 'yan garuwa kuma ba su shigo lungun ba. Birkilan ya yi sallama a zaure ya ce a taimaka musu da ruwan kwaɓi. Duk gidan ba mai ruwa sai ni, don ni ce mai tsohuwar ɗabi'ar cika randa da duro. Matar Kabiru ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakina. Na ce ɗebi ki ba su, ba a hana ruwa. Na ɗauki sandata na fito na zauna a dakalin gidan da ke kallon namu. Birkilan ya hau, ya tsaya yana shafa zanen da tafin hannu, ya ce, “Kai, wanda ya yi wannan ya iya.” Ya fara watsawa. Kafin azahar goshin zauren ya zama sumul, toka-toka, kamar na kowa. Yana daga sama ya juyo ya ce, “Alhaji, tun da ɗanyensa, a ɗan yi masa ado ne? Na iya fulawa, na iya dagi.” Kabiru ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Na ce, “Sauko, ɗan nan. Bar shi haka.”